Tseren dogon zango: dole sai ka jira dokin abokin takararka ya gama shan ruwa?

Mai_Akawali
Assalamu alaikum jama'ar barga. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai game da tseren dogon zango, irin wanda ake cin kilomita 80 zuwa 160 a kan doki ɗaya cikin yini guda. An ce a Amurka da Ostareliya, idan kun iso komin ruwa tare da wani mahayi, dokinka ya ƙoshi nasa bai gama ba, ba za ka ja linzami ka wuce ba sai ka nemi izininsa. In kuwa ka tafi ka bar shi, sai a riƙa yi maka kallon marar tarbiyya. Ni dai abin bai shige ni ba. Tsere fa ake yi, agogo kuma ba ya jiran kowa. A kan me zan zubar da minti biyu ko uku saboda dokin mutumin da nake so in riga isa? A ganina ladabin ya wuce gona da iri. Waɗanda suka san harkar ku warware mana.

Sukuwa_Zalla
Wa alaikumus salam. Ina bayanka, Malam. Kowa ya shigo fili da shirinsa ya shigo. In dokinka ba ya shan ruwa sai da ɗan rakiya, matsalarka ce da mai horar da shi.

Yar_Kalifoniya
Wa alaikumus salam. Malam Mai_Akawali, ina zaune a arewacin Kalifoniya, kuma ina cikin masu aikin sa kai a irin waɗannan gasa. Aikina yawanci tsayawa a wurin ruwa ne da rubuta lambar duk dokin da ya wuce, don haka abin da kake tambaya a gabana yake faruwa.

Doki ya iso ya jiƙe sharkaf da gumi, ya tsaya yana shinshina ruwan, mahayinsa ya sassauta masa linzami ya yi tsit. Wani dokin sai ya yi kusan minti ɗaya yana wasa da leɓe kafin ya tsoma baki. Da ya fara sha za ka ga kunnuwansa suna motsi da kowane haɗiya. To a daidai wannan lokacin in dokin da ke kusa da shi ya juya ya kama hanya, nan take zai ɗaga kai, ruwa na zuba daga bakinsa, ya bi wancan da ido, ya fara haniniya yana taka ƙafa. Shi ke nan an gama. Ko za a kwana ana lallashinsa ba zai sake kallon komin ba, ruwa na gaba kuma wataƙila sai an yi tafiyar awa ɗaya cikin rana.

Shi ya sa ake jira. Kuma jiran bai kai yadda kake zato ba. Tambaya ce guda: “Na iya tafiya?” Sau da yawa wancan zai ce je ka, nawa ya gama. Wani lokaci ya ce don Allah ɗan dakata. Ba a rubuta wannan a littafin doka ba, babu alƙalin da zai hukunta ka, amma mahayan sun san juna, kuma suna riƙe abu.

Likitar_Dabbobi
Hajiya ta faɗi abin da ido ke gani, bari in ƙara da abin da ke faruwa a cikin jiki. Dokin da ke aiki cikin zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya. Gumin doki kuma yana fita da gishiri mai yawa, ya fi na mutum nesa. Saboda ruwa da gishiri suna zuba tare, jikinsa ba ya saurin sanar da shi ƙishirwa, sai ka ga doki ya bushe amma yana kau da kai daga ruwa. Ga shi dabbar garke ce: tsoron a bar shi a baya ya fi masa ƙishirwa ƙarfi.

Abin da ke biyo baya shi ne hanji ya rage motsi, ciwon ciki ya taso, bugun zuciya ya ƙi sauka. A zangon da likitoci ke duba dawaki a kan hanya ana jan fatarsa a ga ko za ta koma da sauri, a danna dasashi, a saurari ciki, a sa shi sassarfa a ga ko yana ɗingishi. A gasar ƙasa da ƙasa sai bugun zuciya ya sauko 64 a minti kafin a bar shi ya ci gaba. Dokin da aka katse wa sha da safe, da la'asar ake ganin sakamakon, wani lokaci da ledar ƙarin ruwa rataye a kansa. Don haka ƙanena Sukuwa_Zalla, horo yana taimakawa, amma ba ya cire wa doki halittarsa.

Sukuwa_Zalla
Na ji, Likita. Amma ai lafiyar dokin wani ba a wuyana take ba.

Baban_Barga
Yaro, a wuyanka take tunda kai ka ɗauke masa hankali. Ko a nan gida, in muna ban ruwa a barga ba a fitar da doki ɗaya a bar ɗan'uwansa da baki cikin bokiti. Duk wanda ya taɓa riƙe ragama ya san wannan.

Baƙon_Larabawa
Salamu alaikum. Ni a wata barga nake aiki a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma ina so a san cewa abin da Hajiya ta bayyana ba ko'ina yake haka ba. A nan fili ne shimfiɗaɗɗe, an gyara hanya cikin rairayi, faɗinta ya ishi dawaki da yawa su jera. Motoci suna bin gefe, mu kuma muna tsaye da gorunan ruwa, mahayi ya fizga yana gudu ya kwarara wa dokin a wuya ya jefar. Manyan dawakin nan matsakaicin gudunsu yakan wuce kilomita 25 a awa. A irin wannan yanayi wa zai tsaya tambayar wani ko ya iya tafiya? Kowane doki yana da ayarin mutanensa da ke jiransa da ruwa da ƙanƙara.

Amma kada a ce babu zumunci. A tsakaninmu masu kula da dawakin akwai shi sosai. Ƙanƙararku ta ƙare, na kusa da ku zai turo muku tasa ba tare da kun roƙa ba. Doki ya kuɓuce, kowa zai ajiye abin da yake yi a tare shi, ba a tambayar na wace barga ne.

Na_Damagaram
Ɗan'uwa Baƙon_Larabawa, gaisuwa daga Zinder. Maganarka gaskiya ce, sai dai wannan saurin shi ya jawo surutu. A watan Maris na 2015 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da ƙungiyar ƙasar na wasu watanni a kan lafiyar dawaki da bin doka a wannan tseren. Kuma daga cikin ƙasar aka samu masu neman gyara: a filin Buzib na Abu Dabi, marigayi Shaihu Sultan bin Zayed ya kawo tsarin da ya taƙaita gudu, ya mai da babbar kyauta ga dokin da ya gama da ƙoshin lafiya. Ni abin da na fahimta, idan gudu ya zama shi ne komai, ladabin hanya ne ke fara tafiya, lafiyar doki ta bi bayansa.

Baƙon_Larabawa
Ban musa ba. An yi dakatarwar, kuma an ƙara tsaurara dokoki bayanta. Ina dai nuna cewa hanya ce ke koya wa mutum hali. Ka ɗauko mahayin nan ka kai shi tsauni inda babu mota babu mai miƙo masa gora, da kansa zai fara neman abokin tafiya.

Yar_Kalifoniya
Wannan magana ta Baƙon_Larabawa ita ce zuciyar abin. Ku ɗauki gasar Tevis da ake yi a nan kusa da mu. Wendell Robie ya fara ta a 1955, mil 100 ce, wato kilomita 160, daga kusa da tafkin Taho a haye tsaunukan Siyera Nebada a sauka garin Oban, cikin awa 24. Ana tashi ƙarfe 5:15 na asuba, wanda ya zo na ɗaya ma sai dare yake isa, kuma kusan rabin waɗanda suka tashi ne kawai ke kammalawa. A cikin kwazazzabai akwai inda hanyar ba ta wuce faɗin doki ɗaya ba, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan.

A irin wannan wuri ba a wuce mutum sai da magana. Na baya zai ɗaga murya ya ce yana so ya wuce idan an samu wuri. Na gaba kuma haƙƙi ne a kansa, da ya ga inda hanya ta ɗan buɗe, ya raɓe, ya juyo da kan dokinsa wajen hanya don kada ƙafafun baya su fuskanci mai wucewa. Wanda ya wuce ba ya sakin linzami nan take, sai ya ɗan yi nisa, don kada dokin da ya bari ya zabura. Wanda kuma ya tare hanya ya ƙi matsawa alhali ya ji ana kira, shi ma laifinsa daidai yake da na mai kutse. Ladabin ta ɓangare biyu ne.

Kili_Fari
Tambaya daga gefe. Na ga hotuna ana ɗaura ƙyalle a wutsiyar doki. Ado ne?

Yar_Kalifoniya
Sanarwa ce. Ja yana nufin dokin yana harbi, ka ba shi tazara. Kore, sabon shiga ne bai saba da cunkoso ba. Rawaya a nan Amurka yawanci ingarma ne. Launin ingarma yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ja ko'ina harbi ne.

Baban_Barga
To Hajiya, in aka kawo wannan garinmu sai rawayan ƙyalle ya yi tsada a kasuwa, don mu kusan duk abin da muke hawa ingarma ne. Su can na ji dandaƙaƙƙu da goɗiyoyi suka fi yawa, shi ya sa ake iya jera dawaki goma a komi ɗaya lafiya. Mu ka haɗa ingarmu biyu da ba su san juna ba a bakin ruwa, sai cizo da tsayuwa da ƙafa biyu.

Amma jan ƙyallen nan ya kamata mu ɗauka. Na ga yaro a wajen kilisa ya matso bayan wani bidi da kowa a unguwa ya san halinsa, shi baƙo ne bai sani ba. Dokin ya sake ƙafa biyu, ta sami yaron a ƙauri ta cikin likkafa. Wata da watanni yana jinya. Mai dokin ya ce ai kowa ya san dokinsa. To baƙo fa?

Likitar_Dabbobi
Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai a ƙara da cewa ƙyallen ba lasisi ba ne. Wasu da sun ɗaura ja sai su ɗauka sun sauke nauyi, su kutsa tsakiyar taro. Mai dokin da ke harbi shi ya kamata ya riƙa tsayawa a gefe, ya jira a watse kafin ya kai nasa ruwa.

Jikan_Madugu
Ina karanta ku ina tuna labarin da kakanni ke ba mu na fatauci zuwa Gwanja. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai duba hanya, yana da uban dawaki. Tafiyar watanni ce, yawancin dabbobin ma jakuna ne, amma ƙa'idar ita ce ba a barin wanda kayansa suka zube shi kaɗai a daji, kuma ba a tashi daga zango sai an tabbatar kowa ya ɗaure. Ba gasa suke yi ba, na sani, sai dai duk doguwar tafiya da dabba haka take tilasta wa mutane su lura da juna.

Sukuwa_Zalla
Ka faɗa da bakinka, ba gasa suke yi ba. Su riba ɗaya suke nema tare. Nan kuwa kofi ɗaya ne, mutum ɗaya zai ɗauka.

Na_Damagaram
A nan ne ka yi kuskure, ƙanena. Kofin ba ɗaya ba ne. A Tevis ɗin da Hajiya ta ambata, duk wanda ya kammala cikin lokaci dokinsa lafiya ana ba shi kan bel na azurfa, kuma akwai kofin Haggin da ake ba dokin da ya fi ƙoshin lafiya cikin goman farko, wanda mahaya da yawa suke ɗauka da daraja kamar na ɗaya. Ƙungiyar masu wannan tseren ta Amurka, AERC, da aka kafa a 1972, takenta ma cewa yake wanda ya kammala ya ci. Mafi yawan mahayan ba su zo neman na ɗaya ba, sun zo ne su kai dokinsu ƙarshe.

Lokacin da nake karatu a Faransa na je kallon gasar Fulorak, kilomita 160 cikin tsaunukan Seben. Abin da ya tsaya mini shi ne a wuraren da aka yarda mataimaka su tari mahayi da ruwa, in mahayi ya iso mutanensa ba su ƙaraso ba, mutanen wani ne za su zuba wa dokinsa ruwa su miƙa masa bokiti. Na ga wata dattijuwa ta yi wa dokin da ke gaban na ɗanta haka, ba ta ko tsaya tunani ba.

Kili_Fari
Har a tseren Mongoliya mai kilomita 1,000, wanda ake sauya doki kusan kowace kilomita 40, a 2016 mutum uku ne suka shiga layin ƙarshe tare aka ba su na ɗaya gaba ɗayansu. Sun sha wahalar hanya tare, suka ga babu dalilin rabuwa a ƙarshe.

Sukuwa_Zalla
Wannan kam ni bai burge ni ba. In an zo ƙarshe a saki dawaki a ga na gaba.

Gwanin_Sirdi
Jama'a ku bar ni in shigo ta wata ƙofa, don naga kamar ana so a mai da zumunci abin da ba ya da illa. Yana da ita. Na zauna a Afirka ta Kudu, na hau gajerun zango a can, ƙasar da ake gasar Fauresmith ta kusan kilomita 200 cikin kwana uku. Abin da ya fi damuna a hanya mai son hira ne, ba mai wucewa da gudu ba. Mutum ya liƙe maka tun safe bai tambaye ka ko kana son rakiya ba. Hancin dokinsa a kan wutsiyar naka, ya mai da dokinka birki saboda nasa ba ya tsayuwa. Ka rage gudu ya rage, ka ƙara ya ƙara. Dokinka ya kwantar da kunne yana jin haushi, ƙarfinsa yana ƙarewa a banza, shi kuwa yana ba ka labarin gonarsa. Daga ƙarshe saura kilomita biyu ya zagaye ka ya wuce da dokin da kai ka ja masa hanya yini guda.

A wurina ladabi ya haɗa da ka tambayi mutum: in bi ka, ko ka fi son kaɗaici? In ya ce yau shi kaɗai yake so, kada ka ji haushi. In kuma kun yarda ku tafi tare, a riƙa karɓa-karɓa wajen shiga gaba, don dokin da ke gaba shi ke aikin duba hanya, ya fi gajiya.

Yar_Kalifoniya
Wallahi Malam Gwanin_Sirdi ka taɓo inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Ana yawan kuka da wannan. Tazarar doki ɗaya aƙalla tsakaninka da na gaba, ita ce ƙa'ida.

Bari in ƙara wasu da nake gani. Akwai komin sha, akwai ruwan da aka ajiye don jiƙa doki. Mutum ya ciro soso daga wuyan dokinsa cike da gumi da ƙura ya tsoma cikin na sha, ya ɓata wa duk na baya, don wasu dawakin da sun ji ɗanɗanon gishirin ba za su sha ba. Sai batun ƙofar shinge: yawancin hanyoyin suna ratsa filayen kiwo na mutane. Wanda ya sauka ya buɗe ƙofa ya rufe, ba a tafiya a bar shi a ƙasa, sai ya koma kan sirdi ya sa ƙafa a likkafa. In kuka tafi, dokinsa zai riƙa zagaye yana fizga, ga shi mutum ya gaji ƙafafu sun yi tsami. Da dare kuma kada ka haska wa dokin wani tocila a ido. Doki yana gani cikin duhu fiye da mu, amma idonsa yana daɗewa kafin ya sake sabawa bayan haske ya buge shi. Shi ya sa ake sa Tevis kusa da cikar wata, mahaya da yawa kuma ɗan haske mai laushi kawai suke ratayawa a ƙirjin doki.

Uwar_Dukushi
Hajiya, yara fa? Ɗana shekararsa 12, ba shi da magana sai ta doki. Ana barin irinsu su shiga?

Yar_Kalifoniya
Ana bari, Maman yaro. A dokar AERC yawanci wanda bai kai shekara 16 ba sai da babban mutum da zai tafi tare da shi. Kuma nan ne za ki ga halin mutanen. In likita ya cire dokin babban a tsakiyar hanya, yaron ba zai iya ci gaba shi kaɗai ba, sai a yi cigiya a zango ko akwai wanda zai ɗauke shi. Na ga wata mata da ke cikin na gaba-gaba ta ɗaga hannu, ta san sarai dokin yarinyar bai kai nata sauri ba. Ta rasa matsayinta, yarinyar kuma ta kammala.

Baban_Barga
Allah ya yi mata albarka. Wani abin da na ji ya burge ni, a gasar ƙasa da ƙasa an hana ƙaimi an hana bulala. Yaranmu masu kilisa su ji wannan. Ka ga doki ya dawo gefen cikinsa jina-jina, bakinsa ya tsage da linzami mai kaifi, wai an nuna bajinta. Sannan a bi ta cikin kasuwa a guje, a tsorata mata da yara, a tattake wa mutane shuka a bakin gari. Wanda bai girmama manomin da ya bar shi ya ratsa gefen gonarsa ba, ba zai girmama abokin hawansa ba.

Admin_Barga
Jama'a muna godiya, amma a dawo kan tambayar Malam Mai_Akawali. Maganar kilisa a cikin gari mu buɗe mata nata zaren.

Mai_Akawali
Na gode Admin, na gode kowa. Likita da Hajiya, bayaninku ya shige ni game da tsakiyar hanya, musamman ga wanda ba na ɗaya yake nema ba. Amma har yanzu da saura. A ce ni da wani muna kan gaba, saura kilomita 10, ga komi na ƙarshe. Nawa ya sha ya ƙoshi cikin rabin minti saboda na horar da shi ya sha ko'ina. Nasa yana ta shinshine-shinshine. Wannan horon ai yana cikin abin da ake gasa a kai. In na jira shi, na ba shi kyautar wahalar da na sha a gida. Kuma me zai hana wani ya yi amfani da wannan al'ada, ya riƙa jan lokaci da gangan don dokinsa ya huta?

Gwanin_Sirdi
Ana yi kuwa. Akwai mai cewa ɗan jira ni alhali dokinsa ya daɗe da ɗaga kai, numfashi kawai yake nema masa. Ni ƙa'idata, ina jira muddin bakin dokin yana cikin ruwa. Da ya ɗaga kai ya fara kalle-kalle, na yi sallama na tafi.

Likitar_Dabbobi
Malam Gwanin_Sirdi, a nan zan ɗan saɓa maka. Doki da yawa suna sha ne kashi biyu: ya sha, ya ɗaga kai ya huta kamar daƙiƙa ashirin, ya koma ya sha wanda ya fi na farko yawa. In ka tafi a wannan hutun, ka yanke masa babban rabon. Kuma Malam Mai_Akawali, ka tuna ƙetare layi ba shi ne ƙarshe ba. Bayan an iso sai likita ya sake duba doki ya tabbatar zai iya ci gaba da tafiya in da za a ce a ci gaba, sannan a rubuta maka kammalawa. Dokinka ma da ka ce ya ƙoshi cikin rabin minti, wannan ɗan tsayuwar tana iya sa ya ƙara kurɓa biyu da za su taimake shi a gaban likita.

Yar_Kalifoniya
Abin da nake gani a wurin na gaba-gaba shi ne tun kafin su iso ruwan suke yanke magana. Ɗaya zai ce, mu tsaya su sha tare sannan kowa ya yi ta kansa. Ko ya ce, ni ba zan tsaya a na gaba ba, ka sani tun yanzu. Wanda aka gaya wa tun da wuri yana da zaɓi: ya ja baya kaɗan don dokinsa ya daina ganin wancan kafin ya iso ruwa. Abin da ake ƙi shi ne ka yi shiru, ka bari sai dokinsa ya tsoma baki sannan ka zabura.

Sukuwa_Zalla
To in dai zan iya faɗa masa tun daga nesa cewa ba zan tsaya ba kuma ba a ce na yi laifi, wannan na yarda da shi. Amma jira kam a kilomita 10 na ƙarshe, ban yi alkawari ba.

Baƙon_Larabawa
A wurinmu ko faɗar ba a yi, kowa ya san ba mai tsayawa. Sai dai gaskiya dokin da aka saba masa da gora daga hannun mutum daban yake da wanda zai sha daga rafi.

Baban_Barga
Ni dai ko saura taku goma ne zan jira. Dokin bai san ana gasa ba, mu muka ɗora masa.

Mai_Akawali
Baba, Allah ya ja kwana, na ji taka. Ni har yanzu ina tsakanin maganar Hajiya da ta Gwanin_Sirdi. Likita, tambaya ɗaya kafin in tafi masallaci: wannan sha kashi biyu da kika ce, ingarma ma haka yake yi in akwai wani ingarma kusa da shi, ko sai an raba musu bokiti?